Kifin kwantirol ɗina ma mutuwa suke, maganin ne ko ruwan?

"Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a nan Jos, furojet ɗina a kan yadda maganin ciyawa ke shafar 'ya'yan tarwaɗa ne. Na zuba kifi goma-goma a bahon roba mai cin lita 20, kowane kifi zai yi giram 10, baho biyar da magani, ɗaya kuma kwantirol babu komai a ciki. To abin da ya ɗaure min kai, na kwantirol ɗin ma sai hawa sama suke suna haɗiyar iska, da sassafe kuma duka sai su kwanta a ƙasa kamar sun mutu, rana ta uku har biyu suka mutu a kwantirol. Ruwan famfo nake ɗiba, ranar Litinin na sayo kifin Laraba na fara, ga shi cikin sanyin nan na Janairu ne. Ƙawata ta ce in rubuta kawai kwantirol lafiya lau tunda ba mai dubawa. Don Allah me ke faruwa kuma ya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. In na fahimce ki tambaya biyu kika haɗa, ta farko me ya sa kifin da ba a sa wa komai ba yake abin da na cikin magani ke yi, ta biyu ko za ki iya ci gaba a haka ki rufe ido. Bari in fara da ta biyun don ita ce ta fi damuna: kar ki rubuta abin da ƙawarki ta ce. Ba wai don tsoron kamu kawai ba, a'a, aikin naki gaba ɗaya a kan bahon kwantirol ɗin nan yake tsaye, shi ne kaɗai ke ba ki damar ki buɗe baki ki ce magani ne ya yi kaza. In kifin da ke ruwa zalla yana haɗiyar iska yana mutuwa, to duk abin da kika gani a sauran bahon biyar ba ki san rabon magani nawa ba rabon ruwa nawa, kuma lissafin da za ki fitar wani ɗalibin ko wani manomi zai iya ɗauka gobe ya yi aiki da shi.

Akwai ƙa'idar da yawancin masu irin gwajin nan ke bi a duniya, ta ƙungiyar OECD mai lamba 203, gwaji ne na awa 96 da ake neman adadin maganin da zai kashe rabin kifin. Sharaɗinta a fili yake, in mutuwar kwantirol ta wuce kashi 10 cikin 100 gwajin bai yi ba. Ke biyu cikin goma kika rasa, kashi 20 kenan. Wani zai ce miki ai akwai lissafin Abbott da ake gyara mutuwar kwantirol da shi, gaskiya ne akwai shi tun 1925, amma don ɗan abin da ba a rasa ba aka yi shi, ba ya mayar da kifin da ke wahala lafiyayye, kuma kifin da ya riga ya galabaita magani kaɗan ke ƙarasa shi, sai maganin ya fito miki kamar ya fi ƙarfin da yake da shi. Tarwaɗa dai ba ta cikin jerin kifayen da ƙa'idar ta lissafa, amma sharuɗɗan ruwan da na zaman kifin mu ma da su muke aiki.

Abin da ɗalibai da yawa ba a faɗa musu shi ne alamomin nan da ake cika tebur da su, ninƙaya ba kan gado, haɗiyar iska, yawan yauƙi a jiki, canza launi, kifewa, ƙoƙarin tsallake baho, babu ko ɗaya da ya keɓanta da guba. Kifi hanyoyin da yake nuna damuwa 'yan kaɗan ne, sanyi zai sa shi yi, ƙarancin iska zai sa shi, kilorin zai sa shi, kamun hannu ma zai sa shi. Shi ya sa ni duk ɗalibin da ya zo min da labarin halin kifi sai na fara tambayarsa takardar awon ruwa na lokacin da ya ga abin.

Sanyin Jos

Kwanciyar nan ta sassafe da kika ce duka suna yi, da masu magani da marasa, kusan ba na shakka sanyi ne. Kifi jikinsa zafin ruwan da yake ciki yake bi, kuma tarwaɗa kifin ƙasa mai zafi ce, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 26 zuwa 30, in ruwa ya sauka ƙasa da 20 sai cin abinci ya ja baya motsi ya ragu. Mu kuma a nan muna kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, Disamba da Janairu kin san yadda asubarmu take, ruwa lita 20 a roba a kan siminti kusa da taga ba ya riƙe zafi sam, kafin gari ya waye ya bi sanyin ɗakin, da rana kuma ya sake hawa. A ƙiyasi duk saukar digiri 10 aikin jikin kifi na raguwa da kamar rabi. Kinga kenan in kin duba su ƙarfe bakwai na safe kin rubuta "kasala", kin dawo ƙarfe biyu kin rubuta "yawan motsi", agogo da tamomita kike rubutawa ba magani ba. Ba banza ba tun shekarun 1950 gonar kifi ta Panyam ta yi suna da kifin nan da ake kira kaf (carp), shi kifi ne mai jure sanyi, tarwaɗa da karfasa kuwa lallaɓa su ake a Filato lokacin hunturu.

Kuma sanyin ba a motsi kawai ya tsaya ba, yana shiga cikin lissafin gubar kanta, don yadda kifi ke shan magani ta wurin numfashinsa da yadda hantarsa ke sarrafa shi duk zafi ke tafiyar da su. Shi ya sa adadin maganin da ke kashe rabin kifin da aka samu a Abuja cikin Maris da wanda aka samu a Jos cikin Janairu za su iya bambanta ko da kwalbar magani ɗaya ce. Su na Abuja tasu matsalar akasin tamu ce, ruwa ya yi zafi, iskar da ke ciki ta ragu, kifin kuma buƙatarsa ta ƙaru.

Haɗiyar iska

A nan sai an yi hankali. Tarwaɗa daban take da karfasa, tana da wani sashe a cikin kanta mai kama da rassan bishiya da take shaƙar iskar sarari da shi, don haka hawa sama ta haɗiyi iska ta koma ɗabi'arta ce ko ruwan na da kyau, shi ya sa ma take kaiwa kasuwa da rai a ɗan ruwa kaɗan. Rubuta "suna haɗiyar iska" bai ce komai ba, sai kin ce sau nawa a minti biyar, a wane baho, da ƙarfe nawa. Amma abin da ya ja hankalina a bayaninki shi ne cikin sanyi ya kamata hawan ya ragu tunda buƙatar jiki ta ragu, in har suna ta yi ba ƙaƙƙautawa to ko dai oksijin ɗin ruwan ya yi ƙasa sosai, ko kuma wani abu ya taɓa jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kansu wanda suke numfashi da shi a ruwa.

Mu ɗauki na farko. Ruwa mai digiri 25 a bakin teku in ya ƙoshi da iska yana ɗaukar oksijin kamar miligiram 8.3 a lita, a nan Jos saboda tsayin wurin bai wuce 7.2 ba, wato tun kafin ki sa kifi da ragi kika fara. Ƙa'idar OECD ɗin na so kar ya sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100 na wannan, a wurinmu wajen 4.3 kenan. Sai ki duba nauyin da kika zuba, kifi goma masu giram 10 giram 100 kenan a lita 20, giram 5 a kowace lita, in ma kin cika bahon har baki wanda na san ba ki yi ba. Ƙa'idar a ruwan da ba ya gudana giram 0.8 a lita ta yarda da shi. Kin ninka shi fiye da sau shida. Bahon lita 20 giram 16 na kifi ya kamata ya ɗauka, wato ko ki nemo ƙanana masu giram ɗaya da rabi, ko ki nemi mazubi mai cin aƙalla lita 125. Na san abin da ke sa ɗalibai hakan, kuɗin roba da wurin ajiyewa a lab, amma neman ƙananan kifi ya fi araha ma.

Na biyu kilorin. Ruwan famfo don a kashe ƙwayoyin cuta ake sa masa, mu yana mana amfani, kifi kuwa ƙona masa wurin numfashi yake, kuma adadin da hancinki ba zai ji ba ya isa ya yi ɓarna. In kin tara kin zuba kifi nan take, ko kina canza ruwa kai tsaye daga famfo, wannan kaɗai zai iya ba ki duk abin da kika lissafa har da mutuwar. Maganinsa mai sauƙi ne, ki tara a buɗaɗɗen durom ya kwana biyu, in da injin iska a ciki ya fi, ko ki tambayi masu kula da lab ɗinku ko suna da sodiyom tayosalfet, ɗan kaɗan ake sawa ya kashe kilorin nan take. Wasu sai su gudu zuwa ruwan bohol, shi ma ba a zuba kifi a cikinsa daga fitowa, ruwan ƙarƙashin ƙasa sau da yawa oksijin ɗinsa kaɗan ne iskar kabon ta yi yawa, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, na ƙasa (yawan tsami kenan), sai ya sha iska ya daidaita. Ruwan kududdufan kuza na wajen Bukuru da Rayfield kuwa kar ki kai shi gwajin guba sam, sai dai in shi kansa ruwan kike bincike a kai.

Sai amoniya, wadda kifin da kansa ke fitarwa, yawanci ta wurin numfashin nan nasa, ga kashi da ragowar abinci na ƙara ta. Abin da ya kamata ki riƙe a kanta shi ne kashi biyu take a ruwa, akwai mai guba sosai akwai mai sauƙi, kuma pH da zafi ke raba su. A digiri 25 in pH 7 ne mai gubar kamar rabin kashi ɗaya ce cikin 100, in ya hau 8 ta haura kashi 5, in ya kai 9 ta wuce kashi 30. Wato awon amoniya ba tare da pH ba rabin labari ne. A naki ban sa ta a sahun gaba ba saboda sanyi na rage ta kuma tarwaɗa ta fi kifaye da yawa jure ta, amma da irin cunkoson nan zuwa kwana na uku ba zan cire ta ba. Naitirait kuma, wato sinadarin da amoniya ke rikiɗewa ta koma, ta fi fitowa a tankin da aka daɗe ana ajiye kifi, tana hana jini ɗaukar oksijin, in kin ɗaga murfin nan kika ga naman ya koma ruwan ƙasa-ƙasa maimakon ja to ki zarge ta.

Wani abu da ya shafe mu musamman, yawancin ƙasarmu dutse ne, ruwan rijiyoyi da yawa ba shi da gishirin da ke riƙe pH wuri ɗaya, abu kaɗan sai ya motsa. Shi kansa maganin ciyawan zai iya motsa shi, masu sinadarin gilaifoset alal misali suna da ɗan tsami, a bahon da kika fi zuba shi pH zai iya sauka. Sannan abin da ke cikin kwalbar ba sinadarin kaɗai ba ne, akwai wani mai kama da sabulu da ake haɗawa don ya kama ganye, a wasu samfuran shi ya fi cutar da kifi fiye da gilaifoset ɗin. Don haka ki rubuta sunan samfurin da giram nawa ne a lita kamar yadda yake a jikin kwalba, ki kuma auna pH a kowane baho ba a kwantirol kawai ba.

Kwana biyu bai isa ba

Litinin zuwa Laraba, 'yata, kifin bai ma huce gajiyar hanya ba. An kamo shi da koma, an ƙirga, an cusa a jarka, ya sha jijjiga a mota ko Keke, wataƙila daga gonar da ruwanta ya fi naki ɗumi, wanda ya ji rauni a ranar sau da yawa sai bayan kwana uku huɗu yake mutuwa, daidai lokacin da naki suka mutu kenan. Ƙa'idar ta ce kifi ya zauna a lab aƙalla kwana tara kafin gwaji, bakwai daga ciki a irin ruwan da za a yi gwajin da shi, ni sati biyu nake sa ɗalibaina. A cikin kwanakin ki dinga ƙirga mutuwa, in ta wuce kashi 10 cikin 100 a mako a bar wannan kifin gaba ɗaya, in tsakanin 5 da 10 ne a ƙara mako, in ƙasa da 5 ne a ci gaba. Ki tace su girmansu ya zo ɗaya don tarwaɗa na cin 'yar uwarta, babba ɗaya a baho ya isa ya yi wa sauran rauni ki ɗauka magani ne ya saɓule musu fata. Ki daina ba su abinci kwana ɗaya kafin farawa, kuma cikin awa 96 ɗin ba a ciyarwa.

Idon mai kallo

Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, a lab ma haka yake. Kin shigo kin kunna fitila kin sunkuya a kan baho inuwarki ta faɗa ruwa, dole su watse, sai ki rubuta "ninƙaya ba kan gado". Tarwaɗa kifin dare ce ta fi son duhu, a farin baho cikin haske launinta ma dusashewa yake, kuma tana jin girgiza ta layin da ke gefen jikinta, janareta a bayan bango ko jan kujera duk suna isa gare ta. Bahon da ke bakin ƙofa da wanda ke lungu ba rayuwa ɗaya suke ba, kuma na lura ɗalibai kusan kullum jera su suke daga kwantirol zuwa mafi ƙarfi, sai ya zama kwantirol ne a bakin taga. Ki yi ƙuri'a wajen ajiye su.

Sannan mu kanmu masu kallon, in ka san wane baho ne mai magani da yawa idonka zai ga abin da yake tsammani, ba sai kana da niyyar ha'inci ba. Wannan ya faru da manya ma. Wajen 2009 da 2010 an yi ta wallafa bincike cewa ƙaruwar iskar kabon a teku na rikita ƙananan kifayen murjani har su dinga bin warin mai cinsu maimakon gudu, maganar ta zagaya duniya, sai a 2020 wata tawagar masana ta fitar da nata sakamakon a mujallar Nature bayan shekara uku tana maimaita gwajin da kifi sama da 900, komai an ɗauka a bidiyo kuma na'ura ce ke bin motsin kifin, ba su ga wannan babban tasirin ba. Ke wayarki ta ishe ki, ki kafa ta a sama ki ɗauki minti biyar ki koma gefe, lokaci ɗaya kullum, ki sa ƙawar taki ta rubuta lambobi a jikin bahon ta ɓoye miki wane ne wane har sai kin gama ƙirga hawa sama da bugun murfin numfashi. Wannan taimakon shi ya kamata ta yi miki.

Kar ki yi amfani da koma ɗaya a duk bahon. Ban da kwasar magani daga wannan zuwa wancan, tarwaɗa na cikin dangin kifayen da in fatar ɗaya ta ji rauni tana sakin wani sinadari da ke firgita sauran, wani masanin dabbobi Karl von Frisch ne ya gano abin a 1938 a wasu ƙananan kifayen Turai. Don haka wanda ya mutu a cire shi da wuri, wanda ya ji ciwo kar a fara da shi. Kuma baho ɗaya ga kowane adadin magani bai isa ba, kifi goma a baho ɗaya ruwa ɗaya suke sha, in wani abu ya samu bahon ya same su duka, ki yi uku-uku har da kwantirol.

Da ni ne

Zan tsayar da wannan zagayen in je wa sufabaiza da gaskiyar abin da ya faru da lambobinsa, abin da kika gani zai taimaka miki wajen zaɓen adadin maganin da za ki sake farawa da shi, don haka ba asara ba ce duka. Ki sayo ƙananan kifi daga gona ɗaya, ki tara ruwa a durom a cikin ɗakin da bahon suke don zafinsu ya zo ɗaya, ki ɗaga bahon daga siminti ki ɗora a katako ko kwali, ki nisanta su da taga, ki rufe da raga don tsalle. In akwai hita to madalla, amma da yadda ake ɗauke wuta hitar da ke aiki rabin dare ta mutu ta fi rashinta illa, gara ki naɗe bahon da tsohon bargo ko buhu a ɗaki na ciki, ruwa ya tsaya a 23 dare da rana ya fi ya yi ta lilo tsakanin 17 da 28. Injin iska a bahon gwaji sai da lura, wasu magungunan musamman na ƙwari irin su daikilobos suna bin iska su fice, abin da na fi yi shi ne canza ruwa duk awa 24 da sabon haɗi mai adadi ɗaya. Kafin ki ɗiga ko ɗigo ɗaya na magani, ki zuba kifin a duk bahon da ruwa zalla ki kalle su kwana huɗu, in ba wanda ya mutu kuma ƙirgen hawansu ya zo kusa da juna to kin shirya.

Iyakar abin da zan iya daga nesa kenan, ban ga bahonki ba ban taɓa ruwan ba, jerin zargin da na yi daga bayaninki na ɗauko shi, awo ne zai tabbatar ko ya rushe. In kin gyara ruwa da sanyi da cunkoso amma suna ci gaba da mutuwa, ko kin ga farin tabo, gyambo, kumburin ciki ko gashin bakinsu na gutsirewa, to maganar ta koma ta cuta kuma wannan aikin likitan dabbobi ne, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da mu, a kai kifin da ransa ko wanda bai daɗe da mutuwa ba a cikin ƙanƙara. Kafin nan ki samo tamomita ko mai araha ce, ki auna ruwan ƙarfe shida na safe da ƙarfe uku na rana kwana uku a jere, ki haɗa da pH da oksijin in mitar lab ɗinku na aiki, ki turo min lambobin da hoton yadda kika jera bahon a ɗakin.